Rigar da Ba a Cire wa Farashi Ba

Ni ke ture ƙanƙara daga titunan Duluth
tun ƙarfe biyun dare, kafin gari ya motsa.
Ranar da saƙon ya shigo ina kan tudun da ke kallon tafki,
waya ta girgiza a aljihu. Tessa ce,
muryarta na rawa kamar murfin tukunya a kan wuta:
"Baba, sun ce suna taya ni murna."

Na tsayar da mota. Na sa ta karanta mini sau uku.
"Gurbinki na jiranki," in ji su,
"mun ƙosa mu gan ki a cikinmu."
Har da 'yan takardu masu launi suna zubowa a fuskar wayar
sai ka ce ana biki.

Me za ka fahimta da wannan, don Allah?
Abin da na fahimta shi kakarta ta fahimta,
ta kwana tana gasa burodi mai kirfa.
Shi Anders ƙanenta ya fahimta,
ya fara auna ɗakinta da ido.
Ni kuwa na sayo rigar sanyi mai sunan jami'ar a ƙirji,
dala sittin da huɗu, ko ƙifta ido ban yi ba.

Akwai wata ƙaramar kwaleji, tafiyar awa biyu,
da ta ba ta gurbi, ta yafe rabin kuɗin makaranta.
Tessa ta rubuta musu godiya, ta ce a ba wani.
Ina tsaye a bayanta sa'ad da ta danna.
Ni da na san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki
ban ce uffan ba.
Ai na ɗauka kazar ma tana hannu.

Sai ga Maris.
Wasiƙa ta biyu ba ta zo da launi ba.
"Saƙonmu na baya gayyatar ziyara ce,
an aika wa duk wanda ya cike takarda.
Muna ba da haƙuri in an sami ruɗani."
Ruɗani! Kamar mu ne ba mu iya karatu ba.
Sunanta na cikin jerin masu jira.
Ta nawa ce? Ba a faɗa.
Su nawa ne? Ba a faɗa.

Na kira ofishinsu da safar hannu a haƙora.
Na'ura ta ce kirana na da muhimmanci,
ta sa mini kiɗa na minti arba'in.
Can wani yaro mai ladabi ya ce
kalmar "karɓa" ba ta cikin saƙon, in duba da kyau.
Na duba. Da gaskiyarsa.
Sun kunna fitila, sun buɗe ƙofa, sun ce sannu da zuwa,
shigo ce kawai ba su faɗa ba.

Malama Halvorsen ta ce su bakwai ne a ajinta
da aka shayar da wannan romon baka.
Ɗaya har ya manna tambarin a gilashin motarsa.

Yanzu Tessa na aiki a kantin kayan miya bayan makaranta,
wayarta a ƙarƙashin teburin kuɗi, fuska sama.
Ba ta kuka. Da ta yi, da na san abin yi.

Ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa.
Jiya jirgin farko na bana ya shigo,
aka ɗaga gada, muka jeru cikin motoci muna jira.
Wannan jiran na san shi:
kana ganin jirgi, kana ganin wutsiyarsa,
ka san gada za ta sauko.
Nata jiran babu jirgi a ciki,
jiran gawon shanu ne, wuya a miƙe.

Rigar na cikin aljihun tebur, da farashinta a rataye.
Rasit na cikin walat ɗina, ya fara koɗewa.
Kanti ya ba da kwana casa'in a mayar da kaya,
wa'adin ya cika ran Talata.
Na tuna mata tun Litinin.
Ta ce, "Bar ta tukuna, Baba,"
ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.